Ma'aunin da Ya Kasa Auna Stephen Curry

A kakar wasa ta 2005 zuwa 2006, lokacin da Stephen Curry yake ajin ƙarshe a makarantar sakandare ta Charlotte Christian da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, babu ko ɗaya daga cikin manyan jami'o'in da ke kewaye da shi da ta miƙa masa gurbin karatu na 'yan wasa. Duke tana cikin jihar, haka Jami'ar Karolina ta Arewa, haka Wake Forest, kuma kowaccensu tana da ma'aikatan da aikinsu dare da rana shi ne zagaya makarantu suna farautar yaran da suka iya ƙwallon kwando. Ba kuma za a ce ba su san da zamansa ba, domin mahaifinsa, Dell Curry, ya yi shekara 16 yana buga gasar NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, goma daga ciki a ƙungiyar Charlotte Hornets, wato a garin da yaron ya tashi. Sun gan shi, sun san gidansu, sun auna shi, sannan suka wuce. Wannan yaron ne daga baya ya ɗauki kofin NBA sau huɗu, aka zaɓe shi gwarzon gasar sau biyu, ya kuma zarce kowa a tarihinta wajen jefa ƙwallo mai maki uku, wato wadda ake jefawa daga nesa, bayan wani layi da ke kewaye da kwando.

An saba ba da wannan labari a matsayin labarin makantar masu neman 'yan wasa, a ce ai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a rufe zance. A ganina wannan bai isa bayani ba, kuma bai yi wa mutanen adalci ba. Waɗanda suka tsallake Curry ƙwararru ne a sana'arsu, kuma yawancin abin da suka faɗa a kansa gaskiya ne: siriri ne, ba shi da tsalle na a zo a gani, kuma ƙaƙƙarfan ɗan wasa zai iya ture shi ya wuce. Inda gizo yake saƙa shi ne ma'aunin da ke hannunsu, wanda aka ƙera domin auna jiki, alhali dukiyar yaron tana cikin hannunsa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa. Kuma ba sau ɗaya aka ɗora shi a kan wannan ma'auni aka rage masa daraja ba. An yi a 2006, an sake a 2009, an kuma maimaita a 2012, kowane karo da mutane daban, amma da dalili mai kama da na baya.

Sai an san yadda ake ɗaukar 'yan wasa a Amurka kafin a gane yadda hakan ta faru. A ƙwallon ƙafa na Turai ƙungiyoyi ne ke renon yara a makarantunsu. A ƙwallon kwando na Amurka kuwa jami'a ce ke wannan aiki. Yaro zai gama sakandare, jami'a ta ɗauke shi ta biya masa kuɗin karatu da masauki da abinci, shi kuma ya buga mata wasa, daga nan ƙungiyoyin NBA su zaɓi waɗanda suka yi fice. A wancan lokaci hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙayyade wa kowace jami'ar rukunin farko gurbi 13 kacal a ƙungiyar maza, saboda haka a shekara guda da wuya koci ya sami fiye da gurbi uku ko huɗu da zai cike. Kafofi irin su Rivals da Scout su ne ke jera yaran ƙasar baki ɗaya suna raba musu taurari, mafi girma biyar. Wanda ya sami biyar, masu horarwa ne ke bin layi a ƙofar gidansu. Curry uku aka ba shi. Yawancin wannan hukunci kuma ana yanke shi ne a gasannin hutun bazara waɗanda kamfanonin takalma irin su Nike da Adidas ke ɗaukar nauyi, inda ake tara ɗaruruwan yara a zauruka da yawa, mai dubawa ya kalli wannan na rabin sa'a ya matsa wurin wancan. A irin wannan hayaniya, abin da ido ke fara kamawa shi ne yaron da ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin raga da hannu, ko wanda ya tsere wa kowa da gudu. Yaron da ya iya karantar fili, ya san inda zai tsaya kafin ƙwallo ta iso shi, sai an zauna an kalle shi sau da yawa kafin a gane abin da yake yi.

Akwai kuma lissafin da kowane koci ke yi a zuciyarsa, domin ɗaukar yaro ɗan shekara 17 cinikin biri ne a sama. Idan ya ɗauki dogo ƙaƙƙarfa mai taurari biyar kuma yaron ya gaza, kowa zai ce yaron ne ya ba da kunya, tunda duk duniya ta yi masa shaida. Idan kuwa ya ba da gurbinsa ga siririn da nauyinsa bai wuce kilo 73 ba kuma abin ya ƙi, kocin ne zai amsa tambaya, wataƙila ma aikinsa ya tafi. Masu horarwa suna da wata magana da ta zauna a bakinsu, cewa tsawo ba a koyar da shi, wadda ma'anarta ita ce a ɗauko jiki tukuna, jifa abu ne da za a iya koya wa kowa daga baya. Rabin maganar gaskiya ne. Manyan yaran ajin 2006 su ne Greg Oden da Kevin Durant, kuma Durant ya zama duk abin da aka yi hasashe, har ya zarce. Oden kuwa, wanda aka fara zaɓa a NBA a 2007, gwiwoyinsa ne suka ci amanarsa, wasa 105 kawai ya buga a gasar. Ba tsawo kaɗai ake dubawa ba, domin a shekarar nan Jami'ar Karolina ta Arewa ta ɗauki Ty Lawson, wanda Curry ya fi shi tsawo, amma Lawson yana da gudu kamar walƙiya da ƙirar ƙarfi, abubuwa biyu da ake iya gani cikin minti biyar.

Burin Curry shi ne Virginia Tech, jami'ar da mahaifinsa ya yi suna a cikinta, inda kuma mahaifiyarsa, Sonya, ta buga ƙwallon raga. Abin da suka iya yi masa shi ne su ce ya zo ya shiga ƙungiya ba tare da tallafin karatu ba da farko. Ko da ba a faɗa masa da baki ba, saƙon a fili yake: ana girmama sunan uban, amma ba a yarda ɗan ya kai ba. Jami'o'in da suka nemi shi da gaske ƙanana ne, Davidson da VCU da Winthrop.

Abin da masu dubawa ba su sa a lissafi ba ya faru ne a bayan gidan su Curry shekara biyu kafin haka. Tun yana ƙarami, saboda rashin ƙarfin hannu, daga wajen ƙugu yake ɗago ƙwallo ya cilla ta, kuma tana shiga. Mahaifinsa, wanda jifa ce sana'arsa, ya san cewa da zarar yaron ya haɗu da dogayen masu tare shi, za su riƙa doke ƙwallon tun kafin ta bar hannunsa. Saboda haka bayan shekararsa ta biyu a sakandare, Dell ya sa shi ya rushe jifan da ya saba da shi ya sake gina wani daga saman kai. Iyalin sun sha ba da labarin wannan hutu: makonni yaron yana tsaye dab da kwando yana maimaita motsi guda, ba a bar shi ya matsa nesa ba, kuma idan ya matsa ƙwallon ba ta ko isa, har takaici ya riƙa sa shi hawaye. Yaron da duk unguwa ta san shi da iya jifa ya koma kamar wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Daga wannan wahala ne jifan da duniya ta sani ya fito, mai sauri, wanda ke barin hannu tun yana kan tashi, ba sai ya kai ƙarshen tsallensa ba. Wannan batu yana da muhimmanci a wurina fiye da duk alƙaluman da za su biyo baya, domin ya nuna yaro ɗan shekara 16 da ya yarda ya koma baya da gangan domin ya ci gaba, kuma babu tauraron da ake bayarwa saboda wannan hali.

Mutum ɗaya da ya ga abin shi ne Bob McKillop, kocin Davidson daga 1989 zuwa 2022. Davidson ƙaramar kwaleji ce mai ɗalibai kimanin 1,700 a lokacin, tafiyar kusan kilomita 30 arewa da Charlotte, kuma an fi saninta da tsananin karatu fiye da wasa. McKillop ya san Curry tun yana yaro, saboda sun yi wasan yara tare da ɗansa, don haka ba kallon rabin sa'a ya yi masa ba, kallon shekaru ne. Ya ga yadda yake yin kuskure a fili amma fuskarsa ba ta canzawa, ya koma ya nemi ƙwallo kamar ba abin da ya faru.

Wannan hali kuwa an gwada shi tun daren farko. A wasansa na farko a jami'a, da Eastern Michigan a watan Nuwamban 2006, Curry ya zubar da ƙwallo ga abokan hamayya har sau 13, adadin da ko a unguwa abin kunya ne. McKillop bai zaunar da shi ba, kuma a wasa na gaba ya sake fara wasa da shi, a gidan Jami'ar Michigan, inda yaron ya ci maki 32. Ya ƙare shekarar da matsakaicin maki 21.5 a kowane wasa, kuma a cikin sababbin ɗalibai na ƙasar baki ɗaya Durant ne kaɗai ya fi shi. A nan ne nake ganin hanin da aka yi masa ya zama baiwa. Da Duke ko Karolina ya je, inda kowane gurbi yake da mutum biyu ko uku masu taurari suna jira, yaron da ya zubar da ƙwallo sau 13 zai koma benci ne, wataƙila sai bayan wata guda a sake tunawa da shi, kuma idan an tuna za a ce masa ya tsaya a kusurwa ya jira a ba shi ya jefa, kada ya kuskura ya yi dabara. A Davidson kuwa ba su da wanda ya fi shi, saboda haka aka gina wasan ƙungiyar a kansa, abokansa suna kange masa masu bin sa, yana gudu ba ƙwallo a hannu har ya sami taku ɗaya na sarari. Jifan da koci a babbar jami'a zai kira ganganci, a nan an ba shi izinin yin sa sau ɗaruruwa har ya zama sana'a.

Amurka ta farga da shi a watan Maris na 2008, a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta jami'o'i 65. Davidson ba ta ci wasa ko ɗaya a wannan gasa ba tun 1969. Curry ya ci wa Gonzaga maki 40. Georgetown ta ba su ratar maki 17 bayan hutun rabin lokaci, ya ci 25 daga cikin makinsa 30 a wannan rabin, suka yi nasara da 74 da 70. Wisconsin, wadda aka sani da tsaron gida mai tsauri, ta sha maki 33 a hannunsa, tauraron NBA LeBron James yana zaune cikin 'yan kallo. A zagayen 'yan takwas suka haɗu da Kansas a Detroit, ana 59 da 57, saura daƙiƙu kaɗan, ƙwallo tana hannun Curry. Mutum biyu suka rufe shi, ya duba bai ga hanya ba, ya miƙa wa Jason Richards, wanda ya jefa daga nesa ta kauce. Kansas ce ta ɗauki kofin a shekarar. Maki 128 a wasa huɗu, a kan jami'o'in da ba su ba shi gurbi ba shekara biyu baya.

Akwai wani wasa a kakar da ta biyo wanda na fi so a kan duk waɗannan, ko da yake bai ci ko maki ɗaya a cikinsa ba. A watan Nuwamban 2008, kocin Loyola ta Maryland ya yanke shawarar sa mutum biyu su manne wa Curry daga farkon wasa har ƙarshe, ko yana riƙe da ƙwallo ko ba ya riƙe. Da Curry ya gane haka, sai ya tafi kusurwar fili ya tsaya, masu gadinsa biyu suna tsaye tare da shi, ya bar abokansa huɗu suna fafatawa da mutum uku. Sau uku kawai ya jefa ƙwallo a daren. Davidson ta ci 78 da 48. Ɗan wasan da ke kan gaba a yawan maki a ƙasar ya yarda a rubuta masa sifili domin ƙungiyarsa ta yi nasara cikin sauƙi, kuma wasan ya nuna tun da wuri abin da zai zama babban makaminsa a NBA, wato tsoron jifansa kaɗai yana janye masu tsaro daga inda ya kamata su tsaya. A wannan shekara ta uku ne kuma McKillop ya mayar da shi mai riƙe ƙwallo da tsara hari, ya ƙare da matsakaicin maki 28.6, mafi yawa a ƙasar.

Duk da haka, da zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA ya zo a 2009, tsohuwar tambaya ta dawo da sabuwar riga. Aka ce ya yi gajarta a matsayin mai jifa, kuma ba haifaffen mai raba ƙwallo ba ne, sannan makin da ya tara a kan ƙananan jami'o'i ya tara su. Blake Griffin aka fara ɗauka, sai Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya mai tsawon mita 2.21, sai James Harden, sai Tyreke Evans. Minnesota tana da zaɓi na biyar da na shida a jere, kuma mai raba ƙwallo take nema, ta ɗauki biyu, Ricky Rubio ɗan Sifaniya da Jonny Flynn, ta bar Curry. Golden State Warriors ta ɗauke shi a na bakwai, ba da son iyalinsa ba, waɗanda suka fi son New York mai zaɓi na takwas. Zama na bakwai a duniyar ƙwallon kwando ba raini ba ne, kuma Griffin da Harden sun zama manyan taurari. Amma zaɓen Thabeet da Flynn ya nuna cewa ma'aunin bai canza ba: ɗaya an ɗauke shi don tsawo, ɗaya don gudu da tsalle, kuma cikin 'yan shekaru duka biyun sun fita daga gasar, Flynn bayan ciwon ƙugu da ya rage masa kuzari.

Karo na uku shi ne wanda masu shakka suka fi kusa da gaskiya. Idon sawun Curry na dama ya riƙa gurɗewa a kai a kai, wani lokaci ba tare da kowa ya taɓa shi ba. An yi masa tiyata a 2011, aka sake yin wata a watan Afrilun 2012, kuma a kakar da ke tsakani wasa 26 kawai ya buga cikin 66. Duk wanda ya ce jikin nan ba zai jure NBA ba ya sami hujja. A ƙarshen Oktoban 2012 Warriors ta ba shi kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 44, kuma a lokacin mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ce ta yi kasada. A daidai wannan lokaci Denver ta ba Ty Lawson, wanda aka fifita a kansa tun 2006, dala miliyan 48. Curry ya karɓa domin bai san ko ƙafar za ta bar shi ya sake wata kaka cikakkiya ba. Maganin ya zo ne daga sake koyon motsi: masu kula da lafiyar 'yan wasa, musamman Keke Lyles da ya zo ƙungiyar a 2013, sun lura cewa idon sawun ne ke ɗaukar duk nauyin juyawarsa, suka sa shi ƙarfafa ƙugu da cinya da tsakiyar jiki domin nauyin ya koma can. Karo na biyu ke nan da ya rushe wani abu da jikinsa ya saba da shi ya sake ginawa. A watan Fabrairun 2013 ya ci maki 54 a Madison Square Garden, filin wasan ƙungiyar New York, ya kuma ƙare kakar da jifa 272 masu maki uku, ya karya tarihin Ray Allen na 269.

Saura tambaya mafi nauyi: me ya sa ƙwarewar da kowa ya yarda yana da ita tun yana sakandare ba ta yi tsada ba sai daga baya? Amsar tana cikin yadda ake kallon jifan nesa. NBA ta shigo da layin maki uku a 1979, a nisan mita 7.24 daga kwando, kuma shekaru da yawa ana ɗaukarsa kayan ƙari ne, aikin wani ƙwararre guda da ake shigo da shi daga benci, kamar yadda Dell Curry kansa ya yi yawancin rayuwarsa ta wasa. Kofi kuwa, a fahimtar lokacin, ƙarti ne ke kawo shi daga ƙarƙashin kwando. Lissafin da ya rushe wannan fahimta ba mai wuya ba ne. Wanda ya jefa goma daga kusa biyar suka shiga ya sami maki 10. Wanda ya jefa goma daga bayan layi huɗu suka shiga ya sami 12. A kakar 2015 zuwa 2016 Curry ya jefa 886 daga bayan layi, 402 suka shiga, wato kashi 45 cikin ɗari da ɗoriya, kuma kafin mai jifan kusa ya kamo wannan sai ya riƙa cin kusan kashi 68 cikin ɗari. Bambancinsa da masu jifan da suka gabace shi shi ne ba ya jiran a kawo masa ƙwallo yana tsaye. Yana jefawa yana cikin tafiya da ita, kuma daga taku biyu ko uku bayan layin. Dole mai tsaro ya fito ya tare shi tun kusa da tsakiyar fili, dole dogon da ke gadin kwando ya baro wurinsa ya taimaka, kuma da zarar ya baro, hanya ta buɗe wa kowa. Abin da Loyola ta yi da gangan, ƙungiyoyin NBA sun koma yin sa a kan tilas.

Ba daidai ba ne a ce shi kaɗai ya juya wasan. Tun 2004 gasar ta tsaurara hana mai tsaro dafa ɗan wasa da hannu a wajen da'ira, abin da ya sauƙaƙa wa marasa ƙiba. Ƙungiyar Phoenix a ƙarƙashin koci Mike D'Antoni ta riga ta nuna amfanin gudu da jifan nesa, Houston a ƙarƙashin manajanta Daryl Morey ta bi lissafin har ƙarshensa. Abin da Curry ya ƙara shi ne hujjar da ba a iya musantawa, wato kofi. Da Steve Kerr ya karɓi ƙungiyar a 2014, ya shimfiɗa tsarin da ƙwallo ba ta zama a hannu ɗaya, Curry da Klay Thompson suna zagaye ba tsayawa, Draymond Green yana rarrabawa, tsarin da ya yi kama ƙwarai da abin da Curry ya koya a wurin McKillop. Suka ɗauki kofin 2015, na farko ga ƙungiyar tun 1975. A kakar da ta biyo suka ci wasa 73 cikin 82, aka zaɓi Curry gwarzon gasar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba, abin da bai taɓa faruwa ba, ko da yake Cleveland ta ƙwace kofin bayan suna gaba da wasa uku da ɗaya. Kwantiragin nan mai araha kuma faɗuwa ce da ta zo daidai da zama: saboda gwarzon gasar yana karɓar kimanin dala miliyan 12 a shekara, kuma iyakar albashin ƙungiyoyi ta tashi daga miliyan 70 zuwa 94 a 2016, Warriors ta sami sararin ɗauko Durant, suka ƙara kofi biyu a 2017 da 2018. Na huɗu ya zo a 2022. Lokacin da Curry ya shiga gasar, kowace ƙungiya tana gwada jifan maki uku kimanin sau 18 a wasa. A kakar 2024 zuwa 2025 adadin ya haura 37.

Mu ma a nan mun ga amfanin wannan sauyi. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa Najeriya da 156 da 73. A watan Yulin 2021, a wasan sada zumunci a Las Vegas, D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon maza ta Najeriya, ta doke Amurka da 90 da 87, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka, kuma da jifa 20 masu maki uku ta yi shi. Kocin Najeriya a ranar shi ne Mike Brown, mataimakin Kerr a Warriors, kuma wanda ya fi ci mata maki shi ne Gabe Vincent, wanda babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi a 2018.

Sai dai akwai gyaran da ya wajaba a yi wa labarin, domin ana yawan sayar da shi a matsayin shaidar cewa duk mai ƙoƙari za a gan shi. Curry ba ɗan talaka ba ne da aka tsinto a lungu. Ya tashi a filayen NBA a Charlotte da Toronto, yana jifa tare da ƙwararru kafin a fara wasa, yana da malamin jifa a cikin gidansu, kuma ko ba a ba shi tallafi ba iyayensa suna iya biya masa kowace jami'a. Barewa ce ta yi gudu, ɗanta kuma bai yi rarrafe ba, amma duk da haka ma'aunin ya kasa ganinsa. To, ina ga yaron da ba shi da uba mai suna, ba shi da kocin da ya san shi tun yana ƙarami? Muna sanin waɗanda suka tsira ne kawai: Damian Lillard daga Weber State, Jimmy Butler da ya fara daga ƙaramar kwalejin shekara biyu a Tyler ta jihar Texas kafin Marquette, Ja Morant da wani mataimakin kocin Murray State ya hango a wani ƙaramin zaure na gefe. Kuma gaskiya ce cewa masu taurari biyar sun fi kaiwa NBA nesa ba kusa ba, don haka ma'aunin ba banza ba ne. Laifinsa shi ne yana auna abin da wasan ke buƙata a yau, alhali yaron da ake aunawa zai yi wasansa ne bayan shekara biyar ko goma, lokacin da buƙatar ta riga ta canza. Curry kansa ya ɗauki matsalar da muhimmanci, domin tun 2019 yake shirya zagayen Underrated, ma'ana waɗanda aka raina, wanda aka keɓe wa yaran sakandare masu taurari uku zuwa ƙasa domin masu horarwa su gan su.

Abin da ke damuna a yau shi ne hanyar da ta rene shi tana ƙara ƙuncewa. A zamaninsa, ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba ya wasa, kamar yadda ƙanensa Seth ya yi da ya bar Liberty ya koma Duke a 2009, kuma wannan doka tana sa yara su daɗe inda suke. Tun 2021 an ɗage wannan sharaɗi, an kuma halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi ta hanyar sunansu da hotonsu. Wannan haƙƙinsu ne, kuma an daɗe ana tauye musu shi. Amma sakamakonsa shi ne yaron da ya ci maki 21 a shekararsa ta farko a ƙaramar kwaleji, kafin kaka ta ƙare manyan jami'o'in da suka ƙi shi sun fara zawarcinsa da kuɗin da kwalejinsa ba za ta iya kusanta ba, sai ƙananan su zama gonar da manya ke girbe abin da ba su shuka ba. Shekara uku a hannun koci guda, cikin tsarin da aka ɗinka daidai jikinsa, su ne suka mayar da mai jifa ya zama mai jan ƙungiya, kuma da wuya a sake samun irinsu. Curry ya koma ya kammala digirinsa a Davidson a 2022, bayan haka ne kwalejin ta jingine rigarsa mai lamba 30, domin ƙa'idarta ita ce ba ta yi wa wanda bai gama karatu ba wannan karramawa. A watan Maris na 2025 kuma, yana kan buga wa Warriors wasa, ya karɓi muƙamin mataimakin manajan ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Davidson, shi da wasu masu goyon bayan kwalejin suka kafa asusun da zai taimaka mata ta ɗauko 'yan wasa, ta kuma iya riƙe su idan sun fara haske.